Da Tsohuwar Zuma Ake Magani? Tarihin Gidajen Jere na Ingila

Duk ranar da ake haska wasan Liverpool, kyamara ta leƙo filin Anfield daga sama, mukan ga layuka na gidajen jan bulo manne da juna, bango ɗaya ya haɗa kowa da maƙwabcinsa. Waɗannan su ne gidajen jere. Har gobe mutanen Ingila na musu a kansu: tsohon gidan jere ya fi, ko sabon gini?

Mu koma baya. A ƙarni na 19 masaƙun Manchester da Leeds sun janyo dubban mutane daga ƙauyuka. Masu kuɗi suka dinga jera musu ƙananan gidaje baya da baya, ba ƙofar baya, ba tagar da iska za ta ratsa, gidaje da dama suna haɗa masai ɗaya. Da kwalara ta ɓarke a 1832, a irin waɗannan unguwanni ta fi ɓarna. Friedrich Engels ya bayyana ƙazantarsu a littafinsa na 1845.

Gyara ya zo da dokar kiwon lafiya ta 1875, wadda ta wajabta wa kowane sabon gida makewayi da magudanar ruwa, ta kuma ba ƙananan hukumomi ikon ƙayyade faɗin titi da shigar iska. A 1909 aka haramta sabon gini na baya da baya, ko da yake Leeds ta ci gaba har cikin shekarun 1930. Akasarin gidajen jeren da ake yabo a yau 'ya'yan waɗannan dokoki ne.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu hukuma ta rushe unguwanni da yawa, ta maye gurbinsu da dogayen benaye. Sai ga shi a 1968 iskar gas ta fashe a Ronan Point, bene mai hawa 22 a gabashin Landan, kusurwarsa guda ta rufto, mutum huɗu suka mutu. Daga nan jama'a suka fara waiwayar abin da aka rushe. A unguwar Granby ta Liverpool mazauna sun yi tsayin daka a kan layuka huɗu da suka rage, kuma aikin gyaransu ya ci kyautar Turner a 2015.

To, me tsohon gida ya fi da shi? Rufinsa da tsawo, bulonsa ya jure fiye da shekara ɗari, kanti da makaranta a ƙafa ake zuwa, maƙwabci kuma yana jin motsinka. Sai dai bangonsa ba ya riƙe ɗumi, danshi na damunsa, kuɗin ɗumama shi a hunturu yana cin aljihu. Sabon gini yana riƙe ɗumi, galibi da garantin shekara 10. Amma masu saye suna kukan ƙanƙantar ɗakuna da nisa daga gari. Wannan ma yana da tarihi: ma'aunin faɗin gida na Parker Morris, wanda aka fitar a 1961, an daina tilasta shi a 1980.

Abin da muka fahimta shi ne, ba tsufa ya ba gidajen jere daraja ba. Munanan cikinsu an rushe su tuntuni, waɗanda doka ta tsaya a kansu ne suka kai gare mu. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Kafin mu tambayi shekarun gida, mu fara tambayar wace ƙa'ida aka bi wajen gina shi, kuma wa ya tsaya ya ga an bi ta.