Motocin alfarma na Jamus da na Amurka: Abin da mai saye a Gusau ya kamata ya sani

A bakin dillalan motoci a Gusau, idan aka ce mota "'yar Amurka" ce, galibi ana nufin daga can aka shigo da ita, ba wai can aka ƙera ta ba. Marsandi da BMW masu yawa da ke yawo a Najeriya ƙirar Jamus ne da aka yi amfani da su a Amurka kafin a yi gwanjonsu. Rashin bambance wannan kan sa mai saye ya biya kuɗin abin da bai fahimta ba.

Asalinsu

Tarihin motar Jamus ya faro ne daga Karl Benz, wanda ya yi wa motarsa rajistar ƙirƙira a 1886. Manyan motocin alfarmar ƙasar su ne Mercedes-Benz S-Class, wadda ta samu wannan suna a 1972, da BMW 7 Series ta 1977, da Audi A8 ta 1994. A Amurka kuwa akwai Cadillac, da aka kafa a birnin Detroit a 1902, da Lincoln, wanda kamfanin Ford ya saya a 1922.

Bambancin ƙira

Jamusawa sun ƙera motocinsu ne da tunanin manyan titunansu, inda wasu sassan ba su da ƙa'idar gudu, don haka suka ba da ƙarfi ga kama titi da birki da daidaiton sitiyari. Amurkawa kuwa sun daɗe suna fifita faɗin ciki da laushin tafiya da babban inji. Tun da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, sitiyarin duka biyun ya dace da titunanta.

Sai dai kasuwa ta sauya. An daina ƙera Lincoln Town Car a 2011, da Lincoln Continental a 2020, da Chrysler 300 a 2023, domin masu saye a Amurka sun karkata ga manyan jif-jif. Motar da aka daina ƙerawa, kayan gyaranta sukan ƙara wuyar samu shekara bayan shekara.

Gyara da hanya

A nan ne Jamus ta yi zarra. Marsandi ta daɗe a Arewa, kanikawa sun san cikinta, kuma ana samun kayanta a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna da Ladipo ta Legas. Mai Cadillac ko Lincoln kuwa yakan jira a aiko masa da kaya daga ƙetare, a farashin dala.

Amma sababbin motocin Jamus ba irin tsohuwar V-boot ba ce. Suna cike da na'urorin lantarki da sai an duba su da kwamfuta, kuma shokozoba mai iska da ke jikin S-Class tana da tsadar gyara idan ramuka suka gajiyar da ita. Duka nau'o'in biyu ba su da tsayi daga ƙasa. Ga wanda ke bin hanyar Funtuwa zuwa Tsafe da Gusau, ko ta Bunguɗu zuwa Talatar Mafara, inda matsalar tsaro ta sa matafiya ke gudun tsayawa a daji, lalacewar mota ba asarar kuɗi ba ce kawai. Haka kuma tun cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, inji mai silinda takwas ya zama nauyi ga mai albashi.

Kafin a biya kuɗi

Lambar shasi mai alamomi 17 ita ce ke faɗin gaskiya. Idan ta fara da W, ƙirar Jamus ce; idan ta fara da 1 ko 4 ko 5, a Amurka aka haɗa ta. Da ita ake bincika ko motar ta taɓa yin haɗari ko ambaliya ta shanye ta kafin gwanjo. A tabbatar da takardun kwastam, a kuma tuna cewa ma'aunin tafiyar motar Amurka da mil yake ƙirgawa, kuma mil ɗaya ya kai kilomita 1.6. Daga ƙarshe, a tafi da bakaniken da zai riƙa duba motar, domin shi ne ya san ko kayanta na kusa.