Madarar kurkum: asalinta, yadda ake haɗa ta da iyakar amfaninta

Madarar kurkum abin sha ne mai ɗumi da ake haɗawa da madarar shanu, garin kurkum da kayan ƙamshi. Asalinta ƙasar Indiya ce, inda ake kiranta "haldi dud", kuma iyaye mata kan dafa wa yara ita da daddare idan mura ta kama su ko sun ji rauni. Shi kurkum, wanda wasu ke kira kurkur ko gangamau, saiwa ce mai ruwan ɗorawa, danginsu ɗaya da citta. Ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin dukawa sun daɗe suna rina fata da shi.

Yadda ake haɗawa

A Danwarai da sauran garuruwan Aliero, Jega da Maiyama, kayan haɗin ba su da wuyar samu: madara daga rugagen Fulani, sauran kuma a wurin masu kayan yaji. Ana zuba kofi ɗaya na madara a tukunya, a sa rabin cokalin shayi na garin kurkum, ɗan citta, kirfa da ɗan masoro. Sai a ɗora a wuta marar ƙarfi, ana juyawa har ta tafasa, a bar ta kamar minti biyar, a tace. Zuma ana sa ta ne bayan an sauke. Tafasawar wajibi ce, saboda ɗanyar madara na iya ɗauke da ƙwayoyin tarin fuka na shanu.

Masoro ba don ɗanɗano kaɗai ake sa shi ba. Sinadarin kurkumin, wanda shi ne ƙarfin kurkum, kusan kashi 3 cikin 100 ne na garin, kuma hanji ba ya tsotse shi sosai. Wani bincike da aka buga a 1998 daga birnin Bangalo na Indiya ya nuna cewa sinadarin da ke ba masoro yaji yana ninka abin da jiki ke samu har sau 20.

Iyakar amfaninta

Abin sha ne mai gina jiki da sanyaya maƙogwaro, kuma akwai shaidar cewa kurkumin na ɗan rage ciwon gaɓoɓi. Amma babu hujjar cewa madarar na warkar da ciwon daji ko ciwon suga, kamar yadda wasu ke tallatawa a TikTok. Mai shan maganin hana daskarewar jini ko mai tsakuwar matsarmama ya fara tuntuɓar likita. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba kuwa, ba a ba shi zuma.

Haɗarin da ya fi girma shi ne algus. A 2019 masu bincike na Jami'ar Stanford da abokan aikinsu sun gano cewa a Bangladesh ana shafa wa kurkum wani launi mai ɗauke da dalma domin ya ƙara ɗaukar ido. Mutanen wannan yanki sun san illar dalma tun annobar Zamfara ta 2010, wadda ta kashe ɗaruruwan yara. Shi ya sa sayen saiwar a daka ta a gida ya fi sayen garin da ba a san inda ya fito ba.

Rigimar mallaka

A 1995 Amurka ta ba cibiyar lafiya ta Jami'ar Misisifi takardar mallakar fasahar warkar da rauni da kurkum. Majalisar binciken kimiyya da masana'antu ta Indiya, CSIR, ta ƙalubalanci hakan da tsofaffin rubuce-rubucen da suka nuna cewa ilimin na kaka da kakanni ne, kuma a 1997 aka soke takardar. Daga baya Indiya ta kafa rumbun kwamfuta na adana ilimin maganin gargajiya. Yau ita ce ke noma fiye da kashi 70 cikin 100 na kurkum ɗin duniya, kuma a 2025 ta buɗe hukumar kurkum ta ƙasa mai hedikwata a Nizamabad.

Darasin ya shafi Aliero, wadda ta yi suna wajen ɗorin karaya. Abin da ya ceci Indiya a waccan rigima shi ne cewa iliminta a rubuce yake. Na masu ɗori kuwa, galibinsa daga bakin uba yake wucewa zuwa kunnen ɗa.