Yadda ake kare kyamara daga ƙura da zafi da ruwa a tafiyar ƙasa a yankin Gwarzo da Kabo

Hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Rimin Gado da ƙasar Kabo tana isa Gwarzo bayan tafiyar kimanin kilomita 70, daga nan ta zarce Dayi a Jihar Katsina. Sai dai yawancin abin da ke kai mai kyamara yankin ba a bakin kwalta yake ba. Jami'in da aka tura duba aikin rijiya, da mai hoton da aka gayyata biki a ƙauyukan Getso ko Garo, da mai son ɗaukar masunta a madatsar ruwan Guzu-Guzu, duk sai sun bi burji a kan babur, daga bisani su ƙarasa a ƙafa.

Kyamara kuwa kaya ce da ake shigowa da ita daga waje, farashinta da na kayan gyaranta suna bin dala. Ga mai sana'a, ita ce jarin gaba ɗaya. Kuma yawancin lalacewarta ba lokacin da take rufe a jaka yake faruwa ba, sai a 'yan daƙiƙun da aka fito da ita, ko aka sauya gilashi, ko aka goge ta cikin gaggawa.

Yadda ake ɗaukar ta

Jakar goyo mai soso a ciki ta fi ta rataye, domin tana raba nauyi a kafaɗu biyu, ta kuma bar hannuwa a sake wajen tsallake kwazazzabo ko hawa dutse. A sanya kyamarar a tsakiya, tufafi su kewaye ta, a ware gorar ruwa a aljihun waje. A kan babur, jakar ta kasance a bayan mutum. Idan aka ɗaure ta a kariya, duk girgizar burji a kanta za ta ƙare, kuma akwai sassa masu motsi a cikin gilashin da ba su jure haka. In za a riƙe ta a waje, a zura igiyar ta wuya da hammata ɗaya yadda za ta kwanta a ƙirji, kada ta riƙa lilo tana bugun duwatsu.

Hunturu: ƙura

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska na kaɗowa daga arewa maso gabas ɗauke da hazo. Kaso mai yawa na wannan ƙura yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, inda wani tsohon tafki ya ƙafe. Laushinta ya sa tana shiga duk wata kafa, har da zoben da ake murzawa don jawo hoto kusa. Ga kuma yashin hanya da babura ke tayarwa, wanda ƙwayoyinsa sun fi gilashi tauri. Shi ya sa goge gilashi da bakin riga ko hula ke barin zane da ba ya fita.

Tsarin sharewa shi ne a fara kore ƙurar da 'yar robar hura iska, a bi da burushi mai laushi, sannan a shafa ƙyallen gilashi. Ba a hurawa da baki, saboda yawu. Zai fi kyau a zaɓi gilashi ɗaya tun daga gida a yini da shi. Idan sauyawa ta zama dole, a shiga ɗaki ko mota, a kashe kyamarar, a kifa bakinta ƙasa, a gama da sauri. Ƙurar da ta sauka kan allon da ke karɓar haske a ciki, wanda masu sana'ar ke kira sensa, tana fitowa a matsayin baƙin ɗigo a wuri ɗaya cikin kowane hoto. Wanda bai ƙware ba ya bar wa mai gyara wannan sharar.

Bazara: zafi

Kamfanonin Canon da Nikon sun ƙayyade cewa yawancin kyamarorinsu su yi aiki ne tsakanin digiri 0 zuwa 40 a ma'aunin Salshiyas. A watannin Afrilu da Mayu zafin ƙasar Kano kan kai wannan iyaka ko ya wuce, a inuwa ma, balle baƙar kyamara da rana ke duka kai tsaye. Takan kashe kanta, musamman wajen ɗaukar bidiyo, batirinta kuma ya yi saurin tsufa. A lulluɓe ta da farin ƙyalle, a kashe ta tsakanin ɗauka da ɗauka, kuma kada a bar ta cikin motar da aka rufe a rana. Gilashin da aka bari a buɗe yana kallon rana yakan tattara haske har ya ƙona cikin kyamarar, don haka murfinsa ya zauna a kai. Hoton safe da na bayan La'asar ma ya fi na tsakar rana kyau.

Damina: ruwa da laima

Daga Yuni zuwa Satumba, musamman a Agusta, hadari kan haɗu cikin ɗan lokaci. A farkon damina iska mai ƙura ce ke riga ruwan isowa. Da zarar gabas ta yi baƙi, a saka kyamarar cikin leda mai kauri, a ɗaure, sannan a mayar da ita jaka. Rubutun da ke cewa kyamara na jure yanayi yana nufin yayyafi ne, ba mamakon ruwa ko faɗawa rafi ba.

Idan ta jiƙe, a kashe ta nan take, a cire batir da katin memori, a tsane ta, a bar ƙofofinta a buɗe a inuwa mai iska. Gwada kunna ta don a ga ko tana aiki shi ne ke ƙona ta. Binne ta cikin shinkafa kuwa gari kawai yake ƙara mata.

Akwai kuma ɓarnar da ba a gani da wuri. Kyamarar da ta sha sanyin na'urar mota, in aka fito da ita cikin iska mai laima, raɓa kan kwanta mata ciki da waje. A bar ta a rufe cikin jaka na kimanin rabin sa'a kafin a buɗe. Haka nan ajiye ta cikin jiƙaƙƙiyar jaka na haifar da fumfuna a cikin gilashi. 'Yan ƙullin silika, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi, suna tsotse laima idan aka rufe su tare da kyamarar a mazubin da iska ba ta shiga.

Ran mutum ya fi kaya. Ƙarar tsawa na tafiyar kusan kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku, saboda haka wanda ya ƙirga ƙasa da daƙiƙa 30 tsakanin walƙiya da ƙara yana cikin haɗari. Ya sauka daga tudu, ya nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai da bakin ruwa, ya naɗe ƙarfen kafa kyamara, ya nemi gini ko mota.

Mutanen gari

Baƙo da kyamara ba ya ɓoyuwa a ƙauye. Ya fara gaida dagaci ko mai unguwa ya faɗi abin da ya kawo shi, ya tambayi halin tsaro da yanayin rafuka, ya kuma nemi izini kafin ya ɗauki kowa, musamman mata. Sau da yawa a nan ake haɗa shi da ɗan rakiya da ya san hanya.

Bayan dawowa

A kakkaɓe jakar a waje, a share jikin kyamarar kafin a cire gilashi, a fitar da batir idan za ta daɗe a ajiye. Hotunan kuwa a kwafe su wuri biyu a daren, domin kyamara in ta lalace ana iya sayen wata, amma ɗaurin auren da aka riga aka watse ba a sake tara shi.