TARIHIN MOTOCIN SINTIRIN HAMADA

Tun zamanin da, matafiyin da ya nufi Sahara abu uku ne ke gabansa: ruwan da zai sha, abin hawan da zai jure, da kuma wanda zai nuna masa hanya. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya kai ga hamadar Libiya a shekarar 1940, sojojin Ingila suka tarar waɗannan abubuwa uku suna nan yadda ayarin raƙuma suka san su, sai dai an ƙara na huɗu, watau fetur. Motocin da suka yi sintiri da su a can ba a ƙera su don hamada ba. Motocin kasuwa ne da na soja, aka cire musu duk abin da ba dole ba, aka ɗora musu abin da rai ke bukata. Daga gare su ne aka sami fasalin motar daji da muka sani, saboda haka ya kamata mu san yadda aka yi su.

Asalin abin daga wani hafsan Ingila ne, sunansa Ralph Bagnold, wanda aka haifa a 1896. Sa'ad da yake aiki a Masar bayan Yaƙin Duniya na Farko, shi da abokansa sukan ɗauki ƙananan motocin Ford su shiga hamada lokacin hutu, don son sani kawai. A 1929 da 1930 suka kutsa cikin babban tekun rairayin da ke yammacin Masar, inda mutane suka tabbata mota ba ta iya bi. A 1932 suka yi tafiyar mil wajen 6,000, har suka kai El Fashar ta ƙasar Darfur suka komo Alƙahira. Cikin waɗannan tafiye-tafiye ne wahala ta koya musu dabaru huɗu.

Ta farko ta ruwa ce. Cikin zafin hamada ruwan lagireto yakan tafasa, tururi ya fita, ruwa ya ƙare, alhali kuwa ruwan nan shi ne na shan mutane. Sai suka ja bututu daga mafitar lagireton zuwa cikin wani gwangwani da aka ɗaure a gefen mota, da ɗan ruwa a ciki. In inji ya yi zafi, tururi ya bi bututu ya shiga gwangwani ya koma ruwa. In inji ya huce, lagireto ya tsotse ruwansa ya koma ciki. Ta haka ruwan da aka zuba wa mota yakan daɗe ba a ƙara ba.

Ta biyu ta taya ce. Suka gane in an sassauta iskar taya, takan baje bisa rairayi kamar tafin raƙumi, ba ta nutsewa da sauri. In an fito wuri mai duwatsu kuma sai a ɗauko famfo a mayar da iska.

Ta uku ta fid da mota in ta kafe. Bagnold ya sami waɗansu dogayen faifayen ƙarfe masu kama da indararo a wurin masu sayar da tarkace a Alƙahira, tsawon kowane ƙafa biyar, waɗanda aka yi don rufin ramukan soja a yaƙin farko. In mota ta kafe sai a haƙa gaban tayoyin baya da shebur, a cusa ƙarafan nan, a shimfiɗa wa tayoyin gaba tabarmin tamfol, direba ya ja a hankali, sauran mutane su bi da gudu suna ɗauko ƙarfe suna sake jefawa gaba har a hau ƙasa mai tauri.

Ta huɗu ta sanin hanya ce. Kamfas na maganaɗisu ba ya faɗin gaskiya cikin mota, don ƙarfen motar yana jan allurarsa. Sai Bagnold ya shirya kamfas na rana: faifai ne mai zane 360 a kewaye, da tsinke a tsaye a tsakiya. Inuwar tsinken ke nuna inda aka dosa. Da yake rana tana tafiya, mai duba hanya yakan ɗan juya faifan lokaci lokaci, yana rubuta kowace karkata da yawan mil ɗin da aka ci. Da dare kuwa sai ya kafa na'urar awon taurari, ya saurari sa'a daidai ta wayar iska, ya gyara lissafin yini.

Italiya, wadda ke mulkin Libiya a lokacin, ta shiga yaƙi ran 10 ga Yuni, 1940. Kafin watan ya ƙare Bagnold ya gana da Janar Wavell, babban kwamandan Ingila a Alƙahira, ya nuna masa cewa ba wanda ya san abin da Italiya ke shiryawa a kudancin hamada, daga inda za ta iya faɗo wa Kogin Nilu ko Cadi. Wavell ya ba shi mako shida ya shirya. Mutanen farko da ya samu sojojin New Zealand ne, yawancinsu manoma da makiyaya waɗanda suka saba gyara injinsu da kansu. Wannan ƙungiya ita ce aka sani da Long Range Desert Group, watau 'yan sintirin hamada masu dogon zango.

Motocinsu na farko Chevrolet ne masu ɗaukar tan ɗaya da rabi, waɗansu daga sojan Masar, waɗansu daga kantin dillali a Iskandariya. Da aka kai su gareji aka cire rufi da ƙofofi da gilashin gaba, don a rage nauyi, kada kuma gilashi ya yi walƙiya jirgin sama ya hango. Aka yanke ƙarafan gaban lagireto don iska ta shiga sosai, aka ƙara wa sifirin ganye, aka sa faffaɗan tayoyi, aka ɗaure gwangwanin tururi a gaba da ƙarafan rairayi a gefe. Kowace mota takan ɗauki mutum uku ko huɗu, da fetur na tafiyar fiye da mil dubu, da abinci da ruwa na mako uku. Rabon ruwan mutum guda bai cika galan ɗaya a yini ba, a ciki zai sha, a ciki za a dafa masa shayi da abinci. Akwai motar wayar iska, da ta makaniki mai kayan gyara, da ta magani, ga kuma bindigogi masu aman harsashi a kafe bisa sanduna.

Abin lura a nan shi ne motocin nan da ƙafafun baya kaɗai suke ja. A 1941 aka ba su motocin Ford masu ja da ƙafa huɗu. Suka fi ƙarfi a rairayi, amma fa nauyinsu ya fi, shan mansu kuma ya kusa ninka na Chevrolet, har zangonsu ya ragu ƙwarai. Saboda haka a 1942 suka koma ga sababbin Chevrolet 200 da aka ƙera musu a Kanada. A hamada ƙarfin mota ba ya amfani in fetur ya ƙare nesa da gida.

Cikin tafiye-tafiyensu wadda ta fi kusa da mu ita ce ta Murzuk, tsohon zangon fatake na Fezzan a hanyar Kano zuwa Tarabulus. A ƙarshen Disamba 1940 ƙungiya biyu suka bar Alƙahira ƙarƙashin Manjo Pat Clayton, suka ratsa hamada har gindin duwatsun Tibasti, suka haɗu da waɗansu sojojin Faransa na Cadi masu bin Janar de Gaulle. Ran 11 ga Janairu, 1941, suka faɗa wa Murzuk ba zato, suka ƙone rumfar jiragen sama da jiragen da ke ciki. A nan aka kashe shugaban Faransawan, Kanar d'Ornano. A ƙarshen watan, a wani dutse da ake kira Jabal Sharif kudu da Kufra, 'yan sintirin Italiya da jiragensu suka rutsa su, aka kama Clayton, aka ƙone waɗansu motoci. Mutum huɗu da aka zaci sun mutu aka bari a baya, ba su da kome sai gwangwanin ruwa guda mai cin galan biyu. Suka bi sawun tayoyin 'yan'uwansu da ƙafa suka nufi kudu. Shugabansu, Ronald Moore, ya yi kwana goma yana tafiya, ya ci mil wajen 200, kafin Faransawa su tsince shi. Ɗaya daga cikinsu ya rasu jim kaɗan bayan an same shi. Wannan ya nuna abin da mota take ga mutanen nan: ita ce rijiyarsu, ita ce rumbunsu, rabuwa da ita kuwa kusan rabuwa da rai ne.

Ana cikin haka sai ga wata ƙaramar mota ta fito daga Amurka wadda ta warware matsalar nauyi. A 1940 sojan Amurka suka nemi mota mai ja da ƙafa huɗu wadda za ta ɗauki rubu'in tan. Wani ƙaramin kamfani, Bantam, ya ƙera ta gwaji cikin kwana 49, amma kamfanin Willys da na Ford su ne suka ƙera ta da yawa, kusan 640,000 kafin yaƙi ya ƙare. Ita ce Jeep. Tsakanin tayar gaba da ta baya inci 80 ne, nauyinta tan ɗaya da 'yan kai, injinta mai ƙarfin doki 60. Giyarta uku ce ta gaba, amma akwai wani akwatin giya na biyu mai ƙananan sanduna biyu: ɗaya na haɗa ƙafafun gaba su ma su ja, ɗaya na rage gudu don ƙarin ƙarfi a hawa ko laka. Tankinta yana ƙarƙashin kujerar direba, gilashinta yana kwantawa bisa bonet, ga shebur da gatari a maƙale a gefe, ga safaya da jarka a baya.

Ita jarka ma yaƙin nan ne ya yaɗa ta. Ingilishi suna zuba fetur cikin garwa mai cin galan huɗu, wadda ke fashewa da ɗan jijjiga, mai ya yi ta yoyo a hanya. Jamusawa kuwa suna da tulun ƙarfe mai cin lita 20, mai hannu uku, da murfi mai kamawa ba sai da sifana ba. Da Ingilishi suka ƙwato shi suka ga ingancinsa, suka kwaikwaya, suka sa masa suna daga laƙabin da suke kiran Jamusawa da shi. Sunan nan ne ya zo bakinmu ya zama jarka.

Wata ƙungiyar kai hari da David Stirling ya kafa a 1941, wadda ake kira SAS, ita ce ta mai da Jeep motar sintirin hamada. Da suka sami nasu a tsakiyar 1942 suka yi musu abin da aka yi wa Chevrolet: suka cire gilashi, suka yanke ƙarafan gaba, suka ɗaura gwangwanin tururi, suka jera jarkoki a baya da bisa bonet, suka kafa bindigogin Vickers da aka ciro daga jiragen sama, bibbiyu a haɗe. A daren 26 ga Yuli, 1942, Jeep 18 suka shiga filin jiragen Jamus na Sidi Haneish a Masar a jere, suka lalata jirage fiye da talatin, suka ɓace cikin hamada kafin gari ya waye.

Da yaƙi ya ƙare a 1945 aka yi gwanjon dubban motocin soja. Ɗaya daga cikin Jeep ɗin nan ta faɗa hannun Maurice Wilks, babban injiniyan kamfanin Rover, yana aiki da ita a gonarsa ta tsibirin Anglesey. Da ya ga amfaninta sai shi da wansa Spencer suka shirya ƙera tasu. Ta gwaji da suka yi a 1947 bisa ƙashin Jeep aka gina ta. Ƙarfe ya yi wuya a Ingila a lokacin, sai suka yi bodin da alminiyam, wanda ba ya tsatsa, suka shafe shi da koren fenti irin na soja. Ran 30 ga Afrilu, 1948, aka nuna ta a Amsterdam da sunan Land Rover, tsakanin tayoyinta inci 80 daidai da na Jeep. Ita ce daga baya ta zama motar rangadin joji da likita da malamin dabbobi a ƙasar nan, inda hanya ba ta da kwalta.

Sojan Ingila ma suka karɓe ta. Wajen 1968 kamfanin Marshall na Cambridge ya gyara wa SAS doguwar Land Rover guda 72, ba ƙofa, ba rufi, ba gilashi, da tankuna masu cin galan wajen 100, da safaya a gaba, da ƙarafan rairayi, da kamfas na rana irin na Bagnold. Aka shafa musu fenti ja-ja mai haske, don an lura wannan launi ya fi sajewa da hamada daga nesa, suka yi aiki a ƙasar Oman. Bayan an sallame su, waɗansu suka shiga ɗakunan tarihi, waɗansu hannun masu tara tsofaffin motoci.

Darasin bai tsaya ga Turawa ba. A 1987 sojojin Cadi suka hau ƙananan motocin Toyota masu ja da ƙafa huɗu, ba sulke, suka kori tankokin yaƙin Libiya daga Fada da Wadi Dum, a yankin da motocin Clayton suka ratsa shekara 46 kafin nan. Bagnold kansa ya ga wannan zamani, don sai a 1990 ya rasu. Kamfas ɗinsa na rana an ajiye shi, tun da na'urar tauraron ɗan Adam ta zo tana nuna wa matafiyi inda yake. Amma har yau direban da zai tashi daga Agadas zuwa Bilma yakan sassauta iskar tayarsa in ya shiga rairayi, ya ɗaure shebur da ƙarafa a gefe, ya kuma ƙidaya jarkokinsa na ruwa da na mai kafin ya bar gari.