Sayen gidan hutu a gaɓar tekun Cyprus: Ƙasar wa ake saye?

Tsibirin Cyprus da ke gabashin tekun Bahar Rum ya daɗe yana jan hankalin baƙi masu neman gidan da za su riƙa zuwa hutu a bakin ruwa, musamman 'yan Birtaniya, wadda ta mulki tsibirin har zuwa 1960.

Rana tana haskawa kusan duk shekara, akasarin mutanen birane suna jin Turanci, kuma har yau ta hannun hagu ake tuƙi kamar a Ingila.

Sai dai a Cyprus, abin da ya fi tsadar gini da kyan gaɓar teku muhimmanci shi ne takardar mallaka. Mutane da dama sun biya kuɗin gida cif-cif, daga baya suka gano cewa ƙasar da aka yi ginin a kanta ta wani ce, ko kuma banki yana riƙe da ita a matsayin jingina.

Tushen matsalar

A watan Yulin 1974 sojojin da ke samun goyon bayan gwamnatin mulkin soja ta Girka suka hamɓarar da Shugaba Makarios. Bayan kwana biyar Turkiyya ta tura dakarunta, inda daga bisani suka mamaye fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsibirin ta ɓangaren arewa.

Girkawan Cyprus kimanin 160,000 ne suka tsere zuwa kudu, suka bar gidaje da gonaki. Turkawan Cyprus fiye da 40,000 kuma suka koma arewa, su ma suka bar nasu.

A 1983 arewacin ya ayyana kansa a matsayin ƙasa mai cin gashin kanta, amma Turkiyya ce kaɗai ta amince da shi. A idon dokar Jamhuriyar Cyprus, wadda duniya ta amince da ita, waɗanda suka gudu su ne har yanzu masu filayen da suka bari.

Bayan ƙuri'ar raba gardama ta watan Afrilun 2004, wadda a cikinta Girkawan tsibirin suka yi watsi da shirin haɗe ƙasar da Kofi Annan ya gabatar, aka shiga yin gine-gine ba ƙaƙƙautawa a arewa, musamman a kewayen Kyrenia, garin da Turkawa ke kira Girne. Gidajen sun fi na kudu araha nesa ba kusa ba, kuma arahar ce ta ruɗi mutane.

Takardu iri uku

Hukumomin arewa suna bayar da takardun mallaka kala-kala, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce.

Akwai ta filin da tun kafin 1974 yake hannun Baturke ɗan Cyprus ko wani baƙo. Wannan ita ce ba ta da gardama, shi ya sa ta fi tsada.

Akwai kuma ta musaya, wadda aka bai wa Turkawan da suka bar dukiya a kudu, aka maye musu gurbinta da filayen Girkawan da suka gudu. Ta uku ita ce ta rabo, wadda aka bai wa tsofaffin mayaƙa da waɗanda suka ƙaura daga Turkiyya.

Dillalai kan ce takardar musaya ba ta da haɗari. Kotunan kudu ba su yarda da haka ba, domin mai filin na asali bai sa hannu a wata musaya ba.

Shari'ar da ta zama darasi

Wasu ma'aurata 'yan Birtaniya sun sayi fili a ƙauyen Lapithos da ke kusa da Kyrenia a 2002, suka gina gida har da wurin ninƙaya. Da aka buɗe mashigai tsakanin sassan biyu a 2003, wani Bagirke wanda iyalinsa suka bar ƙauyen a 1974 ya je ya tarar da ginin a filinsu.

Ya kai ƙara kotu a Nicosia, kuma a 2004 kotun ta umarci ma'auratan su rushe gidan, su mayar da filin, su kuma biya diyya.

Da yake hukuncin kotun kudu ba ya aiki a arewa, mutane da yawa sun ɗauka maganar ta mutu ke nan. Amma Cyprus ta riga ta shiga Tarayyar Turai a ranar 1 ga watan Mayun 2004, don haka mutumin ya nemi kotunan Ingila su aiwatar da hukuncin a kan dukiyar da ma'auratan suka mallaka a can gida.

Cherie Blair, uwargidan firayim ministan Birtaniya na lokacin, tana cikin lauyoyin da suka kare ma'auratan, kuma sun yi nasara a babbar kotun Landan a 2006. Amma a watan Afrilun 2009 Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa wajibi ne ƙasashen ƙungiyar su mutunta hukuncin kotun Cyprus, ko da filin yana yankin da gwamnati ba ta da iko da shi. Kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta bi wannan ra'ayi a watan Janairun 2010, ma'auratan suka bar gidan.

Ba shari'ar diyya kaɗai ba ce. Tun 2006 dokar Cyprus ta tanadi ɗaurin da zai iya kai wa shekara bakwai ga wanda ya saya, ko ya sayar, ko ya tallata fili ba da iznin mai shi ba. An daɗe ba a cika amfani da dokar ba, amma a 2025 kotu ta ɗaure wasu mata biyu 'yan Hungary saboda tallan irin waɗannan gidaje, sannan ta ɗaure wani attajirin magini ɗan Isra'ila shekara biyar.

Wannan ya shafi 'yan Najeriya, domin akwai ɗalibansu da dama a jami'o'in arewacin Cyprus, kuma duk wanda ya karɓi kamasho don tallata gida a shafukan sada zumunta yana iya faɗawa ƙarƙashin wannan doka.

A nata ɓangaren, arewa tana da hukumar da aka kafa a 2006 don biyan masu filaye diyya, wadda Kotun Kare Haƙƙin Bil'adama ta Turai ta amince da ita a 2010. Idan an biya mai fili ya saki haƙƙinsa, gardama ta ƙare a kan wannan fili. Amma aikin hukumar yana tafiyar hawainiya.

Kudu ma da nata

Wanda ya guji arewa ya nufi Paphos ko Limassol ko Larnaca bai tsira gaba ɗaya ba. A shekarun da kasuwa ke ci, kamfanonin gini da yawa sun jinginar da filaye ga bankuna, suka gina gidaje a kai suka sayar. Mai saye ya biya ya tare, amma takardar mallaka ba ta fita da sunansa muddin ana bin kamfanin bashi.

Wasu kuma an ba su rance da kuɗin Switzerland saboda ƙarancin kuɗin ruwa. Da darajar kuɗin ta tashi, bashin ya zarce kimar gidan.

Lamarin ya ƙara dagulewa a 2013, lokacin da bankunan ƙasar suka durƙushe, aka rufe bankin Laiki, masu ajiyar da ta haura yuro 100,000 suka yi asara. A 2015 majalisa ta yi dokar ceto masu sayen da suka maƙale, amma bankuna suka ƙalubalance ta a kotu.

Kariyar da doka ta tanada ita ce mai saye ya ajiye yarjejeniyar cinikin a ofishin rajistar filaye cikin wata shida da sa hannu, bayan ya binciki ko akwai jingina a kan filin. Lauyan da zai yi wannan aiki bai kamata ya zama wanda kamfanin ginin ya kawo ba, kuskuren da mutane da yawa suka tafka.

Wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba sai ya nemi iznin gwamnati kafin a yi masa rajista. Sabon gida yana ɗauke da harajin kashi 19 cikin ɗari, kuma rangwamen kashi 5 na gidan da mutum zai zauna ne dindindin, ba na hutu ba.

Shirin bayar da fasfo ga wanda ya zuba jarin yuro miliyan biyu kuwa an soke shi a watan Nuwamban 2020, bayan wani binciken gidan talabijin na Aljazeera da ya sa kakakin majalisar dokoki, Demetris Syllouris, ya yi murabus.