Kufan Hohokam da Labarin Mutanen da Wai Sun Ɓace

Wanda ya ziyarci Casa Grande, kusa da garin Coolidge a jihar Arizona ta Amurka, abin da zai fara cika masa ido shi ne wani katafaren ginin ƙasa mai hawa 4, wanda aka gina wajen shekarar 1350, yana tsaye ƙarƙashin rumfar ƙarfen da aka yi masa a 1932 don kada ruwan sama ya cinye shi. Da ƙasa mai tauri ta hamadar Sonora aka ɗaga bangonsa, curi kan curi, babu tubali, azarorinsa kuwa daga duwatsu masu nisa aka ɗauko su. Limamin mishan Eusebio Kino ya iske shi kango a 1694, a 1892 kuma gwamnatin Amurka ta killace shi. Labarin da aka daɗe ana ba baƙi shi ne wai wata al'umma mai hikima, Hohokam, ta yi kimanin shekara 1,000 a nan, sannan wajen 1450 ta ɓace kamar ba a yi ta ba. A ganina wannan labari bai tsaya kan hujja ba, kuma yana kawar da idon mai ziyara daga abin da ya fi cancanta ya gani.

Gwanintar Hohokam a kan ruwa take. A kwarin kogin Salt da na Gila sun haƙa magudanan ban ruwa na ɗaruruwan kilomita da sandar tono da faffaɗan dutse da kwando, ba su da ƙarfe, ba su da dabbar ɗaukar kaya. Duk manomin rani ya san inda wuyar take: in gangaren magudana ya yi yawa ruwa ya zaizaye gefenta, in ya yi kaɗan laka ta kwanta ta toshe ta. Don haka suka riƙa tsuke faɗin magudana yayin da take nisa da kogi, domin ruwan da ya ragu ya ci gaba da gudu yadda ake so. Kuma irin wannan aiki ba ya ƙarewa. Kullum sai an yashe, sai an sake ɗaure shingen itace da duwatsun da ambaliya ta kwashe, sai ƙauyen da ke bakin kogi ya yarda ya bar wa na can ƙarshe rabonsa, kafin masara da wake da kabewa da auduga su nuna. Tudun ginin da ke S'edav Va'aki, wanda har zuwa 2023 ake kira Pueblo Grande, yana daf da inda manyan magudanai ke ɗibar ruwa daga kogin Salt a wancan zamani, kuma ba banza aka kafa shi nan ba. Lokacin da wani mai suna Jack Swilling ya zo a 1867, bin sawun waɗannan tsofaffin magudanai ya yi, daga nan birnin Phoenix ya tsiro.

Wanda ya sa ido kan ruwa zai ga cewa noman bai yanke ba. Mutanen Sifaniya sun iske Akimel O'odham, waɗanda suka kira Pima, suna noma a bakin Gila, kuma a tsakiyar ƙarni na 19 su ne ke sayar wa sojojin Amurka da matafiya zuwa Kalifoniya alkama mai tarin yawa. Abin da ya durƙusar da su sananne ne: daga shekarun 1870 baƙin manoma a Florence da Safford suka tare kogin daga sama, gonaki suka bushe, har zuwa wajen 1900 mutanen da ke ciyar da wasu suka koma jiran tallafin gwamnati. A cikin waɗannan shekaru ne aka killace Casa Grande. An tausaya wa bango, an bar manoman da ke kusa da shi da yunwa, kuma labarin ɓacewa ya sauƙaƙa hakan, tunda wanda aka ce ya ɓace ba ya da magajin da zai nemi haƙƙi. Sai a 2004 dokar majalisar Amurka ta tabbatar wa al'ummar Gila, wato zuriyar manoman nan, kimanin mita kubik miliyan 800 na ruwa a shekara.

Masu ja da wannan magana suna da abin faɗa, kuma bai kamata a raina shi ba. Tsakanin 1450 da zuwan Kino akwai fiye da shekara 200 da shaidar ƙasa ta yi ƙaranci, yawan jama'a ya ragu ƙwarai, gidajen O'odham bukkoki ne na kirare da ciyawa, kuma tarihin bakinsu da kansa yana cewa da yaƙi aka rusa sarakunan manyan gidaje irin su Casa Grande. To amma rushewar mulki daban, ƙarewar mutane daban. Alƙalawa ta faɗi a 1808, Gobirawa kuwa suna nan a Tsibiri da Sabon Birni. Hohokam ɗin ma sun sauya tsari tun kafin nan: filayen wasan ƙwallonsu, fiye da 200, an daina amfani da su wajen 1100, babu kuma masanin da ya ce sun ɓace a lokacin. Shi kuwa tarihin bakin, da yake yana ambaton manyan gidajen nan da sarakunansu, hujja ce ta cewa masu ba da shi sun gaji labarin daga waɗanda suka ga abin. Ƙabilun Hopi da Zuni ma suna danganta wasu kakanninsu da yankin, wanda ke nuna watsuwa, ba ƙarewa ba.

Ƙorafi na biyu a kan Snaketown yake, garin Hohokam da masani Emil Haury ya tona a 1964 da 1965 tare da ma'aikata 'yan O'odham, aka kuma mayar da ƙasa aka rufe. An ayyana shi wurin tarihi na ƙasa a 1972, amma al'ummar Gila ba ta barin baƙi su shiga, wasu kuma na ganin an hana duniya ilimi. Ban yarda ba. Abin da aka gano an wallafa shi, wurin kuwa yana ɗauke da tokar matattun da aka binne, kuma an san dalilin da ya sa aka yi dokar 1990 da ta tilasta wa gidajen tarihi mayar da ƙasusuwan da suka tara a akwatuna. Mai makabarta shi ke da ikon rufe ƙofarta. Wanda Allah ya kai shi Arizona, ya roƙi a nuna masa sawun magudanai a S'edav Va'aki, sannan ya je cibiyar tarihi ta Huhugam da al'ummar Gila ta gina, ya ji labarin daga bakin masu shi.