Mai Rikiɗa Kyarkeci da Masu Karanta Labarinsa

A daren 1 ga watan Agusta na shekarar 2008, dubban 'yan mata da iyayensu suka yi jerin gwano a ƙofar kantunan littattafai na Amurka, suna jiran sha biyun dare ta buga. Abin da suke jira shi ne Breaking Dawn, littafi na huɗu cikin jerin labarin soyayya da Stephenie Meyer ta fara da Twilight a 2005. Cikin awa 24 aka sayar da kwafi miliyan 1.3. Amma kafin mako ya zagayo, murna ta koma cacar baki, har waɗansu suka yi ta kira da a mayar wa 'yan kasuwa littafin a karɓi kuɗi. Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da suka ɓata musu rai kuwa shi ne yadda marubuciyar ta ƙarasa labarin wani saurayi mai rikiɗa ya zama kyarkeci. Wannan abin mamaki ne ga wanda ya san cewa ƙarni huɗu kafin nan ƙona irin wannan mutum ake yi a Turai.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga labarin mutumin da ke rikiɗa da dare ya zama kura. Turawa ba su da kura a dazuzzukansu, saboda haka kyarkeci, mai cinye musu tumaki, shi ya ɗauki wannan matsayi. Tun zamanin Rumawa mawaƙi Ovid ya ba da labarin Lycaon, wani sarki na ƙasar Girka wanda aka mai da shi kyarkeci don horo a kan mugun halinsa. A nan rikiɗa la'ana ce, mai sauraro kuwa ba a nemi ya ji tausayi ba.

Wadda ta shahara da juya al'amarin mace ce, Marie de France, a ƙarshen ƙarni na 12. A labarinta mai suna Bisclavret, wani jarumi yakan ɓace kwana uku kowane mako. Matarsa ta matsa masa har ya gaya mata asirinsa, cewa yana zama kyarkeci, kuma in babu tufafinsa ba zai iya komawa mutum ba. Sai ta sa wani mai sonta ya sace tufafin. Ga dabba mai riƙon amana, ga mutum mai cin amana: tun a wannan zamani aka haɗa kyarkeci da sha'anin aure, aka kuma jawo zuciyar masu sauraro a fadojin sarakuna zuwa gefen dabbar.

Sai dai tausayin bai ɗore ba. A ƙarni na 16, lokacin da ake farautar mayu a Turai, alƙalai suka ɗauki rikiɗa a kan laifi na gaske. A 1589, a garin Bedburg kusa da birnin Kolon a Jamus, aka kama wani manomi, Peter Stumpp. Da ya ga kayan azabtarwa, ya amsa cewa Shaiɗan ya ba shi wata ɗamara mai mai da shi kyarkeci, kuma ya kashe yara da mata. Aka kakkarya shi, aka fille kansa, aka ƙona gawar. A shekarar da ta biyo aka buga labarin cikin wata 'yar ƙasida a Landan. Masu karatun wannan zamani ba su ɗauke ta a kan tatsuniya ba. Labarin duniya ne a wurinsu, kuma irin wannan karatu yana ƙara wa maƙwabci tsoron maƙwabcinsa.

Da birane suka bunƙasa, kyarketai suka ƙare a yawancin ƙasashen yammacin Turai, sai tsoron ya zama abin saye don nishaɗi. A 1846 George Reynolds ya fara buga Wagner the Wehr-Wolf kashi-kashi a wata mujalla mai araha wadda leburorin Ingila ke iya saye. Wagner tsohon makiyayi ne da ya sayi ƙuruciya da dukiya, bisa sharaɗin ya zama kyarkeci a ranar ƙarshe ta kowane wata. Guy Endore ya biyo da The Werewolf of Paris a 1933, sa'an nan a 1941 fim ɗin The Wolf Man ya nuna wa duniya mutumin kirki wanda cizo ɗaya ya jefa shi cikin masifa ba da laifinsa ba. Daga nan mata suka karɓi alƙalami. A 1979 Angela Carter ta rubuta yarinyar da ba ta gudu daga kyarkeci ba, kuma a 1997 Annette Curtis Klause ta sa budurwar ce da kanta ke rikiɗa, a littafin Blood and Chocolate.

Wannan ita ce hanyar da Stephenie Meyer ta tarar a share. Labarinta na wata yarinya ce, Bella, wadda ta koma wurin mahaifinta a Forks, wani ƙaramin gari mai yawan ruwan sama a jihar Washington. Samari biyu ke sonta: Edward, wanda yake daga jinsin matattu masu shan jini, da Jacob, ɗan ƙabilar Quileute, wanda a littafi na biyu, New Moon na 2006, ya gane cewa ya gāji rikiɗa daga kakanninsa. Masu karatu suka rabu gida biyu, kowane ɓangare da riguna masu ɗauke da sunan gwaninsa. A ƙarƙashin wasan kuwa akwai tsohuwar muhawara a kan wane ne mijin aure. Magoya bayan Jacob suka ce shi ne mai jini a jika, aboki tun yarinta, wanda aurensa ba zai raba yarinya da iyayenta da ranta ba. Magoya bayan Edward suka ce so ba ya bin lissafi. Akwai kuma kashi na uku, malamai da iyaye da masu fafutukar 'yancin mata, waɗanda suka ce duk kanwar ja ce: Edward yana sa wa Bella ido yana hana ta zuwa inda take so, Jacob kuma ya sumbace ta da ƙarfi ba da yardarta ba.

A littafi na huɗu Bella ta auri Edward ta haifi 'ya mace, sai aka ce ran Jacob ya ɗaure da jaririyar har abada, bisa wata ƙaddara ta jinsinsa. Littafin ya bayyana cewa a lokacin ƙuruciyarta matsayin wa da mai tsaro kaɗai zai riƙe, amma masu karatu da yawa ba su gamsu ba. Ga waɗansu abin ƙyama ne, ga waɗansu kuma rowa ce aka yi wa gwaninsu. Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Amurka ta sa jerin cikin littattafai goma da aka fi neman a janye daga makarantu da ɗakunan karatu a 2009. Duk da haka, zuwa 2010 an sayar da fiye da kwafi miliyan 100 a duniya.

Akwai waɗansu masu karatu da ba a shawarce su ba tun farko, watau 'yan Quileute na gaske, ƙaramar ƙabila ta mutanen asalin Amurka da ke zaune a La Push, bakin teku. A tarihin bakansu, wani mai ikon sāke halitta ne ya mai da kyarketai mutane, su ne kakanninsu na farko. Ba su taɓa cewa samarinsu na zama dabba in sun fusata ba. Masu yawon buɗe ido suka yi ta kwarara, har waɗanda suka ziyarci Forks a 2010 suka kai wajen 70,000, aka kuma sayar da kayayyaki da sunan ƙabilar ba tare da an ba ta kaso ba. A farkon wannan shekara kamfanin MSN ya nemi gafara saboda ɗaukar hoton maƙabartarsu ba da izini ba. Dattawan ƙabilar ba su kori baƙi ba. Sun haɗa kai da gidan adana kayan fasaha na birnin Seattle, aka shirya nunin kayan al'adunsu don mutane su ga matsayin kyarkeci a wurinsu na haƙiƙa.

Abin da tarihin nan ke nunawa shi ne, siffar mai rikiɗa ba ta canja sosai ba tun zamanin Ovid; masu karatu ne suka canja, kuma hukuncinsu yana da nauyi a kan rayayyun mutane. Waɗanda suka gaskata labarin a 1589 sun taimaka wajen hura wutar da ta ci manomi. Waɗanda suka ƙaunace shi a 2008 sun cika aljihun 'yan kasuwa, suka bar wata ƙabila da aikin gyara sunanta.